Amfilin Abdulgani da Muryar Ladan

A Belbeji, in mutum ya yi niyyar sayen wani abu mai waya a jiki, rediyo ne ko lasifika ko batir, ba ya rasa wanda zai ce masa ya fara biyawa ta rumfar Abdulgani. Ba ya kuma rasa wani da zai ja shi gefe ya ce ya je ɗin, amma ya ci abinci tukuna, don ba da wuri zai dawo ba.

Abdulgani dogo ne, mai faɗin kafaɗa da ƙaramin kai, kullum da tabarau a goshi wanda ba a taɓa ganin ya sauko da shi kan ido ba. Sana'arsa ta zahiri cajin waya ce: faranti biyu na hasken rana a kan rumfa, da teburi cike da igiyoyi kamar an zubar da taliya. Amma in ka tambaye shi aikinsa, injiniyan sauti zai ce maka, kuma da fuskar da ba ta karɓar gardama.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Gangara, gidan manoman gero. Tun yana ƙarami aka gane hauya ba ta karɓe shi ba. In an fita gona 'yan'uwansa na noma, shi yana jingine da tasa yana yi musu bayanin yadda ya kamata a riƙe ta. Da ya tasa ya ce zai bi sahun samari zuwa Libiya, mahaifinsa bai ko yi tayin hana shi ba. Har bakin hanya ya raka shi, don ya tabbatar ya shiga motar.

Can a Sabha ya yi ban-ruwa a lambun wani Balarabe, aka sallame shi saboda yana tsayar da sauran ma'aikata da hira. Ya yi gadin shago, aka same shi yana barci da rana tsaka. Daga ƙarshe ya faɗa hannun wasu makaɗan biki da ke neman mai ƙarfin ɗaukar kaya, a nan ne kuma ya gamu da abin da ya riƙe shi har yau. A cikin kayansu akwai gita mai igiya huɗu masu kauri, wadda ake kira bas, da amfilinta, wato ƙarfen da ke ƙara mata ƙarfi, da wani baƙin akwatin lasifika da ya kusa kai masa ƙirji. Ranar farko da aka kunna yana tsaye a jikin akwatin, sai ya ji sautin bai bi ta kunnensa ba, ta ciki ya shige shi, har makaronin da ya ci da rana ya gyara zama. Tun daga ranar ya raina duk wani sauti da kunne kaɗai ke ji.

Bai koyi kiɗa ba. Ya taɓa gwadawa, mai gitar ya haɗa shi da girman iyayensa ya bari. Abin da ya ƙware a kai shi ne tsayawa kusa da amfili da hannu a baya, yana gyaɗa kai kamar likita a kan majinyaci.

Da yaƙi ya ɓarke a ƙasar kowa ya kama gabansa, ubangidansu ya buɗe ɗakin kaya ya ce kowa ya ɗauki abin da zai iya. A babbar motar da ta kwaso su zuwa gida, wani ya ɗauko barguna, wani katifa, wani keken ɗinki. Abdulgani amfilin ya ɗauko. Direba ya ƙi akwatin, ya ce ko shi ko mutum uku. Haka ya ratsa Sahara da ƙarfen a kan cinyarsa, naɗe cikin bargonsa guda, shi kuwa sanyi na cin ƙashinsa.

Da ya iso, mahaifiyarsa ta zagaya ƙarfen, ta ƙwanƙwasa shi, ta nemi murfin da za ta buɗe ta ga turamen atamfa. Da ta rasa, ta tambaye shi amfaninsa. Ya ce murya yake ƙarawa.

"Murya?" in ji ta. "Duk faɗin Damargu a rasa wanda zai kawo maganin ƙarin murya sai kai?"

Bayan shekara ya auri Zuhaira, 'yar Belbeji mai sayar da cuku da man shanu da take sarowa wajen matan makiyaya, ya tare a garinsu. Zuhaira mace ce mai ƙarancin magana, kuma takan ce ta aure shi ne don ta huta da sayen rediyo. Amfilin ya samu wuri a saman kabad ɗin kwanukanta, lulluɓe da wani tsohon zane. Ba akwati, ba gita, ba wanda ya taɓa jin ko tarinsa. Wannan bai hana mai shi zama babban mai ba da shawara a kan kayan sauti daga Belbeji har Tanut ba.

Shawarwarinsa kuwa sanannu ne, yara ma sun haddace. Amfilin da za ka iya ɗagawa da hannu ɗaya, in ji shi, kayan wasan yara ne. Nauyi shi ne gaskiyar ƙarfe. Kafin ka saya ka kai hanci bayansa, in ka ji ƙauri ka yi sallama da mai shi. Akwatin lasifika sai na katako mai kauri, kuma ƙarami ba ya haihuwar babban sauti. Kada ka kunna amfili ba ka haɗa masa akwati ba, kada ka bar shi a rana, kada ka ba da aronsa ko ga surukinka. Wasu daga ciki gaskiya ne, wasu kuwa a nan rumfar aka haife su. Wani mai shagon kallon ƙwallo ya bi shawararsa ya jera lasifikoki rututu a kan ƙaramin amfili guda, abin ya yi zafi ya tashi da hayaƙi ana tsakiyar wasa. Da aka zo da ƙara, Abdulgani ya saurara da kyau, sannan ya ce ai shi bai ce a kunna su duka ba.

A hankali 'yan shayin gefen rumfarsa suka fara tsokana. Suka ce amfilin Abdulgani kamar aljani ne, kowa ya ji labarinsa, ba wanda ya gan shi yana aiki. Wani ya ce wataƙila in an buɗe, dabino za a samu a ciki. Yana dariya tare da su, amma abin yana cin sa.

Ana haka sai ga Aghali, wani Ba'abzine daga kwarin Tarka, magidanci mai raƙuma kaɗan da gita bas guda da ya sayo a Agadas. Shi da abokansa biyu suke kiɗa a bukukuwan makiyaya. Ya zo cajin waya, ya yi kuskuren faɗin cewa bas ɗinsa ba ta fita, don ta wani ɗan ƙaramin akwati yake kunna ta, sautin kamar akuya mai mura. Abdulgani ya rufe teburin cajin da buhu, ya ja shi gida, ya yaye zanen da ke kan kabad. Aghali ya ƙare wa ƙarfen kallo, sannan ya tambayi inda akwatinsa yake. Abdulgani ya ce yana hanya.

Daga wannan maganar ce ya rasa mafita. Ya shiga mota zuwa Damagaram, ya dawo da wata lasifika mai faɗin faifai babba. Ya kira Falalu kafinta, mai yin ƙofofi da bencina, ya ce a cikin ɗakinsa shi Abdulgani za a yi aikin, don kada 'yan shayi su ga sirrin. Falalu ya kawo shawarar a rage faɗi. Abdulgani ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa Sabha. Falalu ya ci gaba da buga ƙusa. Da aka gama, akwati ya fito baƙi wuluk, mai kyau, mai kwarjini, kuma ya fi ƙofar ɗakin faɗi da kamu guda.

Suka juya shi ta gefe, suka kwantar, suka miƙar. Falalu ya ce ko a kwance akwatin ko a fasa bango. Abdulgani ya dubi bango. Zuhaira, da ke bakin murhu tana jin komai, ta ce a fasa, ba ta hana ba, amma ƙofar ƙarfe mai fenti za a mayar mata, irin ta gidan mai gari. Ta daɗe tana son ta. Haka aka yi, kuma ita kaɗai ce a unguwar ta ci ribar kiɗa tun kafin a fara shi.

Ranar gwaji da la'asar sakaliya ce, a tsakar gida. An aro injin wuta, Aghali ya zauna a kan turmi da gitarsa, 'yan shayi sun cika zaure suna jiran abin dariya. Abdulgani ya haɗa wayoyi a hankali, don shi kansa bai san ko ƙarfen ya tsira daga tafiyar Sahara da shekarun saman kabad ba. Ya danna. Wata 'yar jar fitila ta kama. Aghali ya ja igiya mafi kauri.

Kwanukan Zuhaira suka amsa daga cikin ɗaki. Kaji suka watse, ƙasa ta zubo daga katangar maƙwabta, wata tsohuwa ta fito da sandarta tana tambayar inda motar tanki ta shigo. Aghali ya ɗaga kai yana murmushi ta cikin rawaninsa, ya shiga kiɗa sosai. Abdulgani kuwa ya jingina bayansa da akwatin ya rufe ido, kuma waɗanda ke wurin sun shaida cewa har aka gama bai ce uffan ba. Ba a taɓa ganin haka ba, ba a kuma sake gani ba.

Kakar wannan shekarar ya yi ta ne a bayan mota, daga wannan biki zuwa wancan a kwarin Tarka. Yana zaune a kan akwatinsa da tabarau a goshi, ba mai taɓa maɓallan amfili sai shi. In an yaba wa kiɗan, yakan ce Aghali ma yana ƙoƙari.

Da bazara ta shigo bukukuwa suka yi sauƙi, sai kayan sautin masallacin unguwarsu suka ƙone, amfili da lasifikar ƙaho gaba ɗaya. Dattawa suka zo neman shawara. Abdulgani ya ba su ta awa guda, sannan girman kai ya ɗebe shi ya ce kafin a samo sabo daga Damagaram, ga nasa, su ga yadda ake sauti. Ya manta da dokarsa ta hana aro, ko kuma ya ga ba ta shafi masallaci ba. Zuhaira ta tuna masa cewa tabarmarta da aka ara ranar wani ɗaurin aure har yanzu tana sahun gaba, liman na taka ta kullum. Ya ce na kwana biyu ne.

Da igiya aka ja akwatin zuwa rufin masallaci, ƙarti na sama suna ja, Abdulgani na ƙasa yana ba da umarnin da ba mai bi. Aka yi masa rumfar kwano, aka sauko da waya zuwa inda ladan ke tsayawa.

Ladanin, Malam Nafi'u, tela ne, ɗan siririn mutum mai gemu kaɗan, wanda ya daɗe yana kiran salla ba don daɗin murya ba, sai don ba ya makara. Muryarsa siririya ce ƙwarai. Tsohuwar lasifikar ƙahon kuwa ta ƙara mata tsini, har in ya yi kira, baƙo kan ɗaga kai ya duba ko shaho ne ya ɗauki ɗan tsako. Mutanen unguwa sun saba, shi ma ya saba.

Da azahar ta yi, Malam Nafi'u ya ɗauki makirfo, ya toshe kunne da yatsa, ya yi kabbarar farko. Abin da ya fito daga rufin masallaci murya ce ta wani ƙaton mutum mai ƙirji kamar rumbu, mai nauyi, mai sanyi, irin wadda ke sa mahauci ya ajiye wuƙa. Malam Nafi'u ya katse, ya waiwaya ya ga wa ya shigo. Ba kowa sai Abdulgani a bakin ƙofa, yana yi masa alama da hannu ya ci gaba. Ya ci gaba, kuma ya ja kiran nan har waɗanda suka fara alwala da farkonsa suka bushe.

Ranar masallacin ya cika har waje. Mutanen wasu unguwanni suka zo ganin sabon ladan, suka yi ta leƙe ta saman kan Malam Nafi'u suna neman sa. Cikin 'yan makonni mutumin ya sake. Ya fara naɗa rawani, ya rage saurin tafiya, ya daina amsa gaisuwa da sauri. Sanarwar ɓatan akuya, wadda da yake yi a gurguje, yanzu sai ya maimaita ta, ya kwatanta akuyar tun daga ƙaho har wutsiya, ya ƙara da nasiha. Matarsa ta gaya wa Zuhaira cewa ko a gida ya fara magana da ƙasan maƙogwaro, sai dai ba ta fita, tari take zama.

Da farko Abdulgani ya fi kowa murna. Duk wanda ya yaba kiran sallar, sai ya ce masa rabin ladan nasa ne. Kwana biyu suka zama damina guda. Maganar sayen sabon kaya ta kwanta, don ba wanda ya ga dalilinta. Sai da gero ya nuna, Aghali ya aiko cewa bukukuwa sun taso, sannan Abdulgani ya je karɓar kayansa.

Malam Nafi'u ya ce tsani ya karye. Da aka kawo wani tsanin, ya ce a bari Juma'a ta wuce. Da Juma'a ta wuce, ya tare shi a ƙofar masallaci, ya gyara rawani, ya ce ya yi nazari a kan lamarin, kuma akwai matsala.

"Wannan ƙarfe ya tuba, Malam Abdulgani. Wata nawa yana kiran salla. Yanzu ka ɗauke shi ka mayar gidan rawa? Ka ji tsoron Allah."

Abdulgani ya ce ƙarfe ba shi da addini, kuma in ma yana da shi, shi ya san shi tun yana Sabha, ba a taɓa ganin sa a sahu ba. Malam Nafi'u ya ce shi ya sa ake kiran ta tuba. Murya ta hau, mutane suka taru, unguwa ta rabu biyu: masu cewa kaya na mai shi ne, da masu cewa gaskiya ne na mai shi ne, amma fa kiran sallar ya yi daɗi. Zuhaira ba ta shiga ko ɗaya ba. Ta dai aika a tambaya, tunda ana maganar aro, ko za a duba mata tabarma.

Aka kai magana gaban Liman Abdulmajid, tsoho mai ciwon gwiwa wanda ya fi son a bar shi da carbinsa. Ya saurari kowa ido a rufe. Da suka gama, ya tambayi Malam Nafi'u wace mota ce ke kai shi Tanut in zai je wa'azi. Ya ce ta Husaini. Liman ya ce ya ji ita ce kuma ke kai 'yan kokawa da makaɗansu, ko an taɓa yi mata wanka kafin malamai su shiga? Malam Nafi'u ya ce wannan daban. Liman ya ce ba daban ba ne, aro aro ne, a mayar wa mutum kayansa da godiya, dattawa kuma su tashi su sayo na masallaci kamar yadda suka yi alkawari. Da kowa ya watse, ya riƙe hannun Abdulgani ya tambaye shi a hankali ko sabon da za a sayo zai iya yin irin wannan muryar, don shi ma ya ji daɗin karatunsa a ciki. Abdulgani ya ce ba zai iya ba. A wannan karon gaskiya ya faɗa.

Aka sauko da akwati, aka ɗaura sabuwar lasifikar ƙaho, tsohuwar muryar Malam Nafi'u ta dawo daga inda ta tafi, ba ta ƙaru da komai ba. Yara suka yi ta kwaikwayo a lungu. Abin da ya fi muni ya faru ne bayan kwana kaɗan, da wata tsohuwa daga bakin gari ta zo masallaci da ƙwaryar gero, ta ce ta zo gaisuwar rasuwar babban ladan, Allah ya ji ƙansa, ta lura an mayar da wancan na da. Malam Nafi'u da kansa ta tarar, shi ta miƙa wa ƙwaryar.

Daga ranar ya cire rawani, ya ce maƙogwaronsa na ciwo, ya bar wa wani kiran. Ya koma shagonsa ya duƙufa a kan keke, ba ya ɗaga kai.

Abdulgani ya yi nasara, amma nasarar ta ƙi yi masa daɗi. Ya san abin da ake ji in aka jingina da akwatin nan, ya kuma san yadda duniya ke komawa siririya in an kashe shi. Ana gobe za su tafi wani babban biki a kwarin Tarka, ya ɗauki wata riga da ba abin da ya same ta, ya kai shagon Malam Nafi'u gyara. Ya zauna a benci. Ya fara ba shi shawarar ya riƙa matso da makirfo kusa da baki, ya riƙa jawo numfashi daga ciki. Malam Nafi'u ya ce ya gwada duka, muryar da Allah ya ba shi ke nan, waccan ta aro ce, ya sani. Keken ya ci gaba da ƙara. Can Abdulgani ya ce:

"Malam, can dajin da za mu, mutane sun fi na kasuwar nan yawa, kuma in lokacin salla ya yi, makaɗa tsayawa suke. Ba mai kira. Kowa sai ya dubi rana ya yi ta kansa."

Keken ya tsaya. Malam Nafi'u ya ce shi ba ya zuwa wurin gita. Abdulgani ya ce ba wurin gita zai je ba, wurin salla zai je, gitar ce za ta same shi a can.

Washegari da hantsi aka ga ladan a bayan mota, rawani ya dawo, ya rungume akwatin da hannu biyu don kada gargada ta taɓa shi. Aghali bai so ba da farko, ya ce ba a taɓa ƙungiyar kiɗa da ladan ba. Amma da la'asar ta yi aka ajiye gita, muryar nan ta bi kwarin Tarka ta dawo, sai ga mutane na fitowa daga bayan tantuna da gindin itatuwa, har da waɗanda ba su yi niyya ba. Uban ango ya aiko wa ladan da cinyar rago tasa shi kaɗai. In kiɗa ya tashi, Malam Nafi'u kan koma bayan mota ya juya baya yana jan carbi. Abdulgani ya rantse ya ga babban yatsan ƙafarsa na bin bas ɗin. Malam Nafi'u ya ce tururuwa ce.

Shekaru suka yi a haka, kaka a daji, sauran shekara a gari. Malam Nafi'u ya koma kiran sallar unguwa da siririyar muryarsa ba tare da damuwa ba, don ya san inda ya ajiye babbar. Abin da ya raba tafiyar, Aghali ne ya je Agadas ya dawo da wani sabon amfili haɗe da akwatinsa, ɗan ƙarami, yana riƙe da shi a hannu ɗaya kamar buta, ga batir a ciki, ba ruwansa da injin wuta. Aka kunna, ya yi ƙara yadda ya kamata. Abdulgani ya zagaya shi, ya ɗaga, ya sansana, ya ce ƙarya ce, sautin kunne ne kawai, ba ya kaiwa ciki. Aghali ya ce ya yarda, amma shi bayansa ya gaji, kuma wannan yana hawa babur. Suka rabu ba faɗa. Har yau in ya shigo gari yakan zo da bas ɗinsa tsakar gidan Abdulgani, a kunna tsohon, su sha shayi.

Yanzu Abdulgani da Malam Nafi'u amalanken jaki gare su. Ranar kasuwa sukan ɗora akwatin da manyan batura, su zagaya suna shela: rigakafin dabbobi, taron iyayen yara, ɓatan raƙumi. Malam Nafi'u ke magana, Abdulgani ke riƙe da maɓallai, kuma kusan kullum sai sun yi faɗa, don ladan na son a ƙara kauri, injiniya na cewa ba a koya masa aikinsa.

A wata kasuwa ta bayan nan wani Bafulatani ya tare su, saniyarsa ta ɓace tun safe. Ya ce ba shela yake so ba, a ba shi makirfo ya kira ta da kansa, ta san muryarsa. Aka ba shi. Ya yi kiran da ya saba, akwatin ya mayar da shi rurin wani abu da ba a taɓa kiwo ba, shanun da ke kara suka miƙe tsaye gaba ɗaya, dillalai suka riƙe igiyoyi. Bafulatanin ya ce wannan ba shi ba ne, ko uwarsa ba za ta gane shi ba, balle saniya. Abdulgani ya murɗe kaurin ya mayar ƙasa, fuskarsa kamar ana cire masa haƙori. Mutumin ya sake kira, muryarsa ta fito tasa.

Saniyar ta dawo da yamma, ta wata hanya daban, cikinta cike da harawar wani. Malam Nafi'u ya ce addu'ar da ya yi ce. Abdulgani ya ce aikin sauti ne, sai dai saniya ba ta da saurin fahimta. Mai harawar kuwa yana biye da ita da sanda, yana tambayar waye mai ita, kuma su biyun suka nuna masa Bafulatanin a tare.